Gwankin da Ba Ya Kuka

A Sokoban, idan masu katako sun tashi,
injin zarto ya huce, garin itace ya kwanta,
Baba Cindo kan shimfiɗa buhu a bakin ƙofa,
ya jingine baka, ya rataye kwari a ƙusa.
Shekara talatin da ɗaya yana gadi a Kumasi,
bai taɓa harbin ɓarawo ba.

Ni ke kai masa koko da ƙosai bayan isha.
Yaron makaniki ne ni a Suame,
kunnena cike da guduma da ihun ƙarfe.
Ya ce, "Mutari, zauna, kana da surutu har a ƙafa.

Gwanki mai huci da tozo, mai kiran mata,
ko yaro ya same shi, shi ke tallan kansa.
Amma akwai wanda ya sha bara,
kibiya ta taɓa yi masa zane a kafaɗa,
tun ranar ya haɗiye murya.
Wannan ba a kiransa.
Ka sa burtu a ka, ya san burtu,
ya san tsuntsu ba ya warin taba.

Ka ɗebi toka a tsumma, ka kaɗa,
inda ta bi, can warinka ya tafi gulma.
Ka zagaya, ko da zagayen zai ci maka hantsi.
Ka duba ciyawar da raɓa ta kakkaɓe,
ka fasa kashinsa da yatsa:
in da ɗumi, to sassauta numfashi.
Carki ya tashi ba dalili? Akwai dalili.

Kada ka bi shi makwanci, nan gidansa ne.
Nemi mashaya ƙarama, wadda kowa ya raina,
ka zauna har tururuwa ta ɗauke ka kututture.
Na taɓa kwana uku a gindin kanya, arewa da Salaga,
ƙafata ta mutu, ta farfaɗo, ta sake mutuwa.
In ya zo, kada ka dube shi a ido,
ido yana da nauyi, dabba na jin sa a fata.
Sai kansa ya shiga bayan itace
sannan ka ja tsirkiya."

Na ce, "Baba, ka harbe shi?"
Ya hura koko, ya kurɓa.
Ya ce, "Ƙosan yau ya sha mai."

A Aboabo, a ɗakinmu na biyu daga famfo,
akwai mahaifina.
Tun da wuta ta cinye rumfarsa ta yadi
wata bakwai ke nan bai haɗa kalma uku ba.
Mun kira shi da malamai, mun kira da kuka,
Inna Ladidi ta kira da faɗa.
Kowane kira, sai ya ƙara nisa cikin dawa
alhali yana zaune kan tabarma.

Sai na daina kira.
Na wanke baƙin mai daga hannuna,
na bar tambaya a waje tare da takalma.
Na lura da asuba yakan fito gun famfo
kafin mata su jera bokiti.
Can na koma zama, gefe, ba gaba ba,
ina kallon kwata, ina kallon kaji.

Kwana ɗaya. Kwana huɗu.
Sauro ya ɗauke ni kututture.

Ran na tara, ana kiran sallah a masallacin ƙasa,
ya tsaya, buta a hannu, bai juyo ba.
Ya ce, "Wannan rigar taka,
wa ya yanka ta a karkace haka?"

Zuciyata ta ja har kunne.
Ban saki komai ba.
Na ce, "Wani tela ne a Kejetia."
Ya ce, "Kawo almakashi."